Ragon Inna Gulizar

Duk wanda ya san layin masu gasa waken nan da ake kira leblebi a garin Corum na ƙasar Turkiyya ya san Nusret. In bai san sunansa ba, to ya san dariyarsa, don tun daga bakin layi ake jinta, ta riga ƙamshin waken isowa. Mutum ne mai son musu. Ka ce masa za a yi ruwa, sai ya ajiye ludayi ya tambaye ka hujja.

Yana saurayi ya tafi jami'a a Ankara. Ranar da zai hau mota, mahaifiyarsa Inna Gulizar ta yi bakance a gaban maƙwabta: ranar da ɗanta ya gama karatu za ta yanka rago saboda Allah. Saura darasi ɗaya tak ya gama, wato siyasar tattalin arzikin Turkiyya, sai soja suka karɓi mulki, a shekarar kuma mahaifinsa ya rasu. Nusret ya dawo ya tsaya a bakin kaskon gashi, ya yi aure da Perihan, ya aurar da 'ya'ya, furfura ta cinye masa kai.

Inna Gulizar fa ba ta taɓa yarda an ce ɗanta ya bar makaranta ba. "Bai gama ba dai," in ji ta. Kuma kullum akwai rago ɗaure a bayan gida, don kada ranar ta zo ta same ta ba shiri. In wannan ya tsufa a yi layya da shi, ta sayi wani. Yaran unguwa kowanne ragon Furofesa suke ce masa.

Shekara arba'in da 'yan kai ana haka, sai aka yi wa tsofaffin ɗalibai afuwa, wanda duk ya bari yana iya komawa. Inna ce ta fara ji a talabijin, ta buga sanda a ƙasa.

"Nusret! Gobe ka shirya."

"Haba Inna, da jikoki? Dariya za a yi mini."

"Gemu ba ya hana ilimi. Ni kuma ba zan je gaban Allah da alkawari a wuyana ba. Ka gama, in yanka, in huta."

Wannan "in huta" ita ta tsaya wa Nusret a rai. Tsohuwa ta doshi casa'in, abinci sai an lallashe ta, amma kowace safiya tana jan ƙafa ta kai wa rago dusa. Perihan ta faɗi abin da shi ya kasa faɗa: "Ragon nan ke riƙe da ita. In ka ci jarrabawa, me zai tashe ta da safe?" To in kuma ya ƙi, ta tafi da baƙin ciki. Gaba kura baya sayaki. Ya dai hau mota.

Ranar farko ɗalibai suka yi tsit da ya shigo, sun ɗauka shi ne malamin. Wani dogon yaro mai suna Tolga ya miƙe zai ba shi kujerar gaba. Nusret ya ce, "Zauna ɗana, ni ma jahili ne irinka." Aji ya fashe da dariya, daga ranar ya zama Kawun kowa, aljihunsa kuma ya zama rumbun leblebi.

Abin da ya ba shi mamaki, rabin abin da ke cikin darasin duk bayan barinsa makaranta ya faru. Shekarun da kaya suka yi ta tashi, shekarar da bankuna suka durƙushe, lokacin da aka cire wa kuɗinsu na lira sifirai, duk ga su a allo. Ai kuwa ya miƙe ƙafa. Wa zai koya wa biri hawan bishiya? A jarrabawar tsakiyar zango ya cika shafuka da labarin shagonsa, da maƙwabcinsa mai ɗinki da ya rufe, da ƙanensa da ya tsere Jamus. Ya fito yana taƙama.

Ya faɗi warwas.

Ya je ofishin malamar, Malama Sevda, wadda ba ta kai babbar 'yarsa shekaru ba, yana huci.

"'Yata, ni a cikin abin nan na rayu! Lokacin ko haihuwarki ba a yi ba."

"Gaskiya ne Kawu, kuma na ji daɗin labarin, har na karanta wa mijina. Amma dalili na tambaya. Kifi ma a ruwa yake kwana, ka tambaye shi inda kogin ya taso ka ji."

Nusret ya buɗe baki zai yi musu. Sai ya kwashe da dariya ya zube mata leblebi a tebur.

Daga nan ya kama karatu haiƙan. Tolga da abokansa suna yi masa bayani a wurin shan shayi, shi yana biyan kuɗin shayin. Kuma wallahi ya ji daɗin abin. Wata rana ya dawo gida yana kiran Perihan tun daga ƙofa: "Kin tuna shekarar da muka kusa rufe shago, kika ce hannuna ne ba ya riƙe kuɗi? Ashe ƙasar ce gaba ɗaya! Ga shi a littafi!" Ta ce, "Littafin ya faɗi wanda ya sayo babur a shekarar?" Ya ce ba su kai wannan babin ba tukuna.

Sakamakon jarrabawar ƙarshe ya same shi a bakin kasko. Tolga ne ya bugo waya yana ihu: "Kawu, ka haye! Da ƙyar, amma ka haye!" Nusret ya bar wake yana ƙonewa, ya yi rawa a tsakiyar layi da tawul a hannu. Yana isa ƙofar gida kuma sai ya tuna maganar Perihan, murna ta koma ciki.

Aka yanka ragon Furofesa ranar Asabar. Naman bakance wadda ta yi shi ba ta ci, 'ya'yanta da jikokinta ba sa ci, na mabukata ne. Inna ta ce, "Wa ya fi ɗalibi yunwa?" Sai ga mota cike daga Ankara, har da Malama Sevda. Nusret ya yi ta juya nama a wuta yana haɗiyar yawu, yaran suna tsokanarsa: "Kawu, ka ga rabon arziki a Turkiyya ke nan, mai aiki ba ya ci!" Inna ta dangwali jinin ragon ta shafa masa a goshi kamar yaro, ta ce, "Alhamdu lillahi, na sauke." Kowa ya yi tafi. Shi kuwa idonsa na kan turken da ba komai, hawaye ya zubo masa, ya ce hayaƙi ne.

Washegari ya fito da sassafe, ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana jin tsoron ƙwanƙwasawa. Sai ya ji kuka daga bayan gida, siriri, irin na ɗan tunkiya. Ya zagaya. Ga Inna Gulizar tsaye da kwanon dusa, ga wani ɗan mitsitsin rago ɗaure a turke yana jan igiya.

"Inna, wannan kuma fa?"

"Maƙwabci na aika ya kawo mini. Dogon yaron nan ya ce wai akwai digiri na biyu." Ta harare shi. "Me kake tsaye kana kallona? Ɗebo masa ruwa."