Kwanukan da Inna Ba Ta Mayar Ba

A unguwarmu ta bakin ruwa a Yelwa, idan maƙwabciya ta aiko miki da abinci a kwano, ba kya mayar mata da kwanon haka nan. Sai ki wanke shi, ki saka wani abu a ciki, ko da ƙwayar daddawa ce ko 'yan barkono, ki rufe, sannan ki kai. Ita kuma za ta ɗaga murfin a gabanki ta ce, "Kai, har da wahala?" Haka na tashi na ga ana yi, haka na ci gaba da yi da aka kawo ni gidan miji. Ban taɓa tambayar wanda ya kafa wannan doka ba. Yanzu kam da zan gan shi, da ya ji ta bakina.

Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarar da maigidana ya sayar da injin jirginsa. Mai ya fi ƙarfinsa, kifi kuma ya yi ƙaranci a tafki, sai ya koma tuƙi da hannu kamar yadda kakansa ya yi. Ni bandar kifi ce sana'ata. A da hayaƙi ba ya yankewa a tsakar gidana, har maƙwabta na tsokanata wai kayan shanyarsu duk warin tarwaɗa suke yi. A wannan shekarar sai a yi kwanaki murhun bandata yana sanyi, kaji na kwana a ciki.

Muka koyi zama da kaɗan. Dunƙulen magi sai a raba shi biyu, rabi yau, rabi gobe. Kan kifin jiya ba a zubar da shi, a shanya, a daka shi tare da warangi, ƙananan kifayen nan da a da kaji muke watsa wa, a kaɗa miya da garin. Guntayen sabulu na riƙa tara su a tsohuwar safa ina wanki da su, kwanuka kuwa toka da yashi ne sabulunsu. Ƙanzon tukunya ya zama abincin rana, a jiƙa, a barbaɗa ƙuli, a bi da ruwa. Gida ɗaya ke ƙyasta ashana da safe, sauranmu mu je mu ɗebo garwashi a murfin gwangwani. Duk da haka kwano bai daina yawo tsakanin gidaje ba. Abin cikinsa ne dai ya yi ta raguwa, har malmalar tuwo ta koma kamar ƙwan agwagwa.

Ana cikin haka maigidana ya dawo daga ruwa wata rana da tsohuwa a cikin jirgi. 'Yar wani ƙauye ce can sama wajen Shanga, inda yakan yada zango idan bin kifi ya kai shi nesa. Ya ce shekara da shekaru tuwonta suke ci shi da abokan kamun kifinsa, kuma ba ta taɓa barin baƙo ya kwana da yunwa a ƙofarta ba. 'Yan bindiga sun shiga garinsu, sun kashe ɗanta, sun cinna wa rumbuna wuta. Surukarta ta kwashi yara ta nufi danginta. Ita kuma ya tarar da ita zaune a bakin gaɓa da ƙullin zani ɗaya. Muka share mata ɗakin da a da ake ajiye inji, tunda injin ya riga ya bar mana wuri. Duk unguwa Inna muke ce mata.

Doguwa ce, mai faɗin hannu, kuma bakinta ba ya ajiye magana. Ranar farko da ta ci tuwona ta ce wannan ai kunu ne ya yi sanyi. Na ce to Inna, gobe sai ki kawo dawar da za ta sa ya yi tauri. Ta yi dariya har da tari, ni ma na yi, daga ranar muka saba. Ba ta iya zama haka kawai. Kafin in tashi ta share gida, ta cika randa, idan an samu ɗan kifi ita ke fere shi. Na so matar nan ƙwarai, duk da kullum sai mun yi cacar baki.

Da labarinta ya zaga, kwanuka suka fara shigowa ɗakinta. Matar tela da muke katanga ɗaya da ita, wadda nake ce wa Yaya, ita ta fara, sai sauran gidaje suka biyo. Kowa daga bakin 'ya'yanta take cirewa ta aiko, na sani, domin ina jin kukan yaran ta bayan katanga. Ni ma ina zuba mata nata a langar aurena mai furanni, wadda bakinta ya ɗan ɓantare.

Da farko Inna ba ta rasa abin mayarwa ba. Lokacin damina ne, sai ta bi gefen gonaki ta tsinko tafasa da lalo, ta shanya, ta ƙulla, kowane kwano ya koma da nasa. Da aka yanke shinkafa a fadama ta bi bayan masu yanka tana kala, tana duƙe har rana ta take. Amma ba ita kaɗai ke kalar ba. Rabin matan gari suna can, har da waɗanda a da ba sa ko leƙa fadama. Da rani ya shigo, daji ya bushe, komai ya ƙare.

Sai wata rana Yaya ta leƙo ta katanga ta nuna mini allura a tafin hannunta, ta ce a kwanonta ta same ta. Matar tela fa, aka aika wa allura! Muka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Bayan kwana biyu wata maƙwabciya ta sami tandun kwalli a nata. Ni kuwa da na ɗaga murfin langata, zoben azurfa na gani, wanda tun zuwanta yake yatsanta. Raina ya ɓaci, na nufi ɗakinta da langar a hannu.

"Inna, mi ne ne wanga?"

"Zobe ne. Ko hayaƙin banda ya cinye miki ido?"

"Tuwo da miyar kuka nib ba ki, ba saniya ba!"

Ta ce, "Ɗiyata, tun da anka kai ni ɗaki ban taɓa maida kwano wayam ba. Ba a Yelwa za ni hwara ba."

Na kama hannunta na mayar mata da zoben da ƙarfi, tana fizgewa ina turawa. Har yau ban ga laifina a nan ba, zoben uwarta ne. Sauran mata ma suka mayar mata da abubuwanta. To daga nan ne kwanuka suka daina fitowa daga ɗakin Inna. Su shiga dai, ba sa dawowa.

Babu wadda ta tambayi nata. Yaya ta ce in gaya wa Inna ta kawo su haka nan, wallahi babu mai ɗaga murfi. Na gaya mata. Ta ce, "Na jiya. Allah shi yi musu albarka. Su ƙara haƙuri kaɗan." Na ce ai sharar da take yi da ɗibar ruwa sun fi ƙarfin abin da take ci. Ta ce aiki daban, kwano daban. Muka yi dabara muka fara ƙulla mata tuwo a leda don kada a sami abin mayarwa. Ta dubi ƙullin ta dube ni, ta ce, "A leda? Kamar wadda anka ishe tasha tana roƙo?" Ba ta taɓa shi ba, sai almuru na ɗauke na ɗumama wa yara. Na ce to ta zo mu ci kwano ɗaya da ita. Takan zo, ta yi loma biyu, ta ce ta ƙoshi, ta lashe yatsa ta tashi.

Sai azumi ya shigo maganar. Inna ta fara da na Litinin da Alhamis, wannan kowa ya sani. Daga baya ta ce tana ramuwa. Ramuwar nan ba ta ƙarewa. Zaninta ya fara zagaya ta har ya yi saura, zoben nan da muka yi kokawa a kansa ya koma babban yatsa don kada ya sulluɓe. Ina ganinta tana narkewa a tsakar gidana, ga abinci ana miƙa mata, na rasa yadda zan yi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka a bayan murhu. Maigidana ya durƙusa a ƙofarta ya ce, "Inna, tuwon da nic ci a gidanki, mi nim maida miki?" Ta ce shi namiji ne, bai san maganar kwano ba, ya tashi ya tafi wajen komarsa ta kamun kifi.

Wata ranar kasuwa ta haɗu da wata 'yar garinsu, ta dawo gida idonta na ƙyalli. Wai mutane suna komawa da rana a ɓoye suna kwaso abin da wuta ta bari. Ta ce mini tana da randa binne a ƙarƙashin ɗakinta, cike da gyaɗa da riɗi, ta liƙe bakinta da laka tun kafin a shigo musu. Rumbu ya ƙone, amma abin da ke cikin ƙasa ba ya ƙonewa. Ta fara lissafa mini gidajen unguwa, wannan gyaɗa, wannan riɗi, Yaya kuwa za a haɗa mata duka biyun. Maigidana ya ce ko da bindiga aka sa shi ba zai kai ta ba. Ba ta sake tayar da zancen ba, na ɗauka maganar ta mutu.

Da kasuwa ta zagayo, na fito da safe na ga ƙofarta a rufe da igiya, randar ruwa kuma a cike. Na ja mayafi na yi bakin ruwa da gudu. Tana cikin jirgin 'yan kasuwa mai zuwa sama, ta zauna a tsakanin buhuna, da tsohon buhu a naɗe a cinyarta. Na shiga ruwa har gwiwa na riƙe gefen jirgin.

"Inna, ki sauko. Don Allah ki sauko. Wallahi in kin tahi, kwanukan nan cikin ruwa za ni watsa su!"

Ta ce, "Watsa, in gani. Har da langar aurenki?"

"Har da ita!"

Ta yi dariya, irin ta ranar tuwona. Ta ce, "Jibi ina nan. Ki biɗo min murhu, suyar gyaɗa za mu yi, unguwa duk ta ji ƙamshi." Mai jirgi ya ce in saki, rana na yi. Na saki. Ta ɗaga mini buhun nan, jirgi ya juya.

Jibi ta zo ta wuce. Da kasuwa ta sake ci na tare mai jirgin. Ya ce ya sauke ta a gaɓarsu ita da wasu mata biyu, sun kama hanyar gari a ƙafa, da ya biyo dawowa bai ga kowa ba. Maigidana ya tuƙa da hannu har can. Ya ce babu hayaƙi, babu carar zakara, wani masunci ya ce masa idan yana son 'ya'yansa kada ya wuce bakin ruwa. Ya dawo tafin hannunsa duk ya sale. Ba mu sami gawa ba, ba mu sami labari ba. Ba mu san ko addu'ar mamaci za mu yi mata ko ta matafiyi ba, sai liman ya haɗa duka.

Na daɗe ban kwance igiyar ƙofarta ba. Ranar da na shiga, kwanukan na tarar jere a jikin bango, an goge su da toka da yashi har suna ɗaukar ido, na kowane gida a wuri ɗaya, kowanne da murfinsa. Langata ce a ƙarshe. Na ɗaga murfin, ban san me nake nema ba.

Na ce bari in mayar wa kowa nata. Na duba ɗakina ko zan sami abin sakawa a madadinta, ban sami ko barkonon da zai zagaya gida uku ba. Na ɗauki na Yaya haka nan na zaga. Ta karɓa, hannunta ya ɗaga murfin kafin ta tuna, don hannu ya riga ya saba. Muka tsaya mu biyu muna kallon cikin kwanon. Ta rufe, ta mayar mini, ta ce, "Kai mata ɗakinta. In ta dawo ta kawo da kanta."

Na mayar da shi inda na ɗauko. Sauran gidajen ma ban je ba, su ma babu wadda ta aiko. Ruwa ya cika ya janye, ya sake cika, kifi bai dawo ba, inji bai dawo ba, 'yan garinsu da suka rage sun watse, ko wanda zan tambaya babu. Kwano ya daina yawo a unguwarmu. Ba rowa ba ce, abin zubawa ne babu, kuma kowa tana tsoron ta ɗora wa 'yar'uwarta abin da ba za ta iya mayarwa ba. Idan yaran Yaya suka yi kuka, sai in miƙa musu ƙanzo ta kan katanga, hannu da hannu, mu yi kamar ba mu ga juna ba.

Ɗakin yana nan yadda ta bar shi. Idan ƙura ta hau kwanukan nakan shiga in goge su, in mayar da kowanne wurinsa. Maigidana ya ce in ɗauko langata in riƙa amfani da ita, tunda a murfin tukunya nake zuba masa tuwo. Na ce masa ba a mayar mini da ita ba tukuna.