Hoton Janbaki a Gonar Kawu

Ladan bai rufe baki ba muka bar Funtuwa, ni da abokin tafiyata mai ɗaukar hoto, a bayan wata tsohuwar motar auduga. Ba yawon shan iska ya fitar da mu ba. Tsuntsayen janbaki ne suka far wa dawar kawuna a wani ƙauye bayan Kafur. Na kai kuka wurin babban malamin gona, ya ce shi ba ya tura ma'aikata da maganar fatar baki, sai ya ga tsuntsayen a hoto suna tashi.

Hanyar Bakori ta kaɗa mana hanji, abokina na rungume da akwatin hotonsa, irin mai ƙafa ukun nan da baƙin ƙyalle. A Bakori muka sha furar kwabo, ruwa ya fi gero yawa. Na yi ƙorafi, mai furar ta ce in je in tambayi tsuntsaye. Daga Malumfashi hayar kekuna muka yi, nawa ko birki babu.

Tun daga nesa muka jiyo gonar. Gwangwanaye a igiya suna ta kaɗawa, maza da mata a kan rumfuna suna ihu, muryoyi duk sun dushe. Haka suke yini, da haka suka tsare rabin dawar.

Abokina ya kafa akwati ya leƙa, ya ce tsuntsayen a warwatse suke. Wai kowa ya sauko ya yi tsit a gefe, tsuntsayen su taru su sauka, sannan a kwarma ihu gaba ɗaya su tashi.

Kawu ya dube ni. "Malam, wato a bar su su ci?"

"Na ɗan lokaci ne, Kawu. Hoton nan shi zai kawo taimako."

"To. Ku ne masu boko."

Wayyo Allah! Tsuntsayen suka sauko kamar an zazzage buhu. Muna tsaye muna jin ƙarar bakinsu a kan zangarniya, abokina na ƙarƙashin ƙyalle yana cewa a ƙara haƙuri, haske bai yi ba. Kafin a yi ihun, zangarniyar ta koma tsintsiya.

Muka dawo Funtuwa aka wanke hoto. Ashe akwatin na ɗaukar masu zama a kujera ne su daskare, abin da ke motsi ba ya kamawa. Sararin sama ya fito dishi-dishi, ko fiffike ɗaya babu. Malamin gona ya jujjuya hoton ya ce ina tsuntsayen? Sai ya ɗora yatsa a kan Kawu da mutanensa, su kam sun fito raɗau, hannaye a baya.

"Ga matsalarku nan," in ji shi. "Manoma a tsaye suna kallo."

Na dai gane wanda bai yi niyyar zuwa ba, ko tsuntsun ka damƙa masa a hannu cewa zai yi bai gani ba. Jiya Kawu ya aiko yana tambayar ranar da ma'aikatan za su iso, don a share musu ɗaki.