Wayata a Cikin Buhun Gero

Ranar wata Talata ce a tsakiyar marka wayata ta faɗa ruwan tsari. Na soke ta a ƙirji, na sunkuya zan tsame gero, sai na ji tsulum. Kafin in lalubo ta a gindin ƙwarya ta sha ta ƙoshi.

Ba waya ce ta a zo a gani ba, murfinta ma da zare na ɗaure shi. Amma muryar Inna tana ciki. Kafin rasuwarta babbar 'yata ta ɗauki muryarta ba ta sani ba, tana yi min faɗa a kan daddawa. Ita ke nan abin da ya rage mana nata, don ko hoto ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba.

Malam, maigidana, ya ce a ɗora ta gefen murhu. Matar wansa ta ce a kunna a gani. Duk wanda ya shigo sai ya miƙo hannu zai danna. Na hana. Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta taɓa gaya mana in waya ta faɗa ruwa a cire batir, kar a kunna, a binne a shinkafa kwana uku. Shinkafa a gidanmu sai da sallah, amma akwai geron bara buhu huɗu a zaure. Na farke bakin ɗaya, na tura wayar can ciki, na ɗinke. Batirin na ƙulle a bakin zani. Sannan na ɗauki gawayi na rubuta wa buhun manyan baƙaƙe: KAR A TAƁA.

Abin da na manta, Malam ajami yake karantawa. Boko a wurinsa tonon kaza ne.

Washegari na je suna a unguwar gaba. Na dawo da la'asar na tarar da zaure wayam. Gero ya yi daraja, an loda buhunan an kai wa dillalinsa a kasuwar Dawanau.

Na ce, "Malam, har da wanda na yi wa rubutu?"

"Au, rubutu ne? Na zaci ɓarnar yara ce."

Da na faɗa masa abin da ke ciki ya yi salati, ya ce sai haƙuri, da kaka zai sayo min wata.

"Da muryar Inna a ciki za ka sayo?"

"Mamaci addu'a yake so."

"Ina yi mata. Gobe kuma zan je Dawanau, da izininka."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce kasuwar maza ce, dariya za a yi mana. Na ce an yi min wadda ta fi ta ranar da na ɗauki littafi da fensir da goyo a baya. In ya raka ni na gode, in bai samu dama ba matambayi ba ya ɓata. Da safe na fito da hijabina, da basilla da zare a jaka, na same shi a ƙofar gida yana goge babur, muka kama hanya.

Dariyar kuwa an yi ta. Da na faɗi abin da ya kawo ni, dillali ya nuna min buhuna jibge har sun kusa taɓa kwano.

"Hajiya, wanne daga ciki?"

Wani ɗan dako ya ce, "A kira lambar mana, ko gero zai ɗauka!"

Ban kula su ba. Na bi layi ina duba buhu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ba ni baya in roƙa a juya min. Malam yana biye da ni yana ta ba mutane haƙuri. Can wajen azahar na hango baƙaƙena, gawayin ya goge rabi, a gaban wani alhaji mai saye. Ya riga ya ɗaga ƙarfen nan da suke soka wa buhu su ga ƙwaya.

"Tsaya!"

Ni kaina ban san ina da murya haka ba. Alhajin ya ja baya. Na durƙusa na farke ɗinkin, na tura hannu har kafaɗa, na zaro ta duk ta yi furu-furu. Na ɗinke musu buhunsu tsaf, ɗan dakon nan ya ce wallahi nasu ɗinkin bai kai nawa ba.

Mai gyara a bakin titi ya kwance ta ya leƙa. Ya ce gero ya yi iya nasa, amma tsari ya daskare a ciki, da an kunna da ta ƙone. Ya wanke da ɗan buroshi da wani ruwa mai warin asibiti, ya busar, ya karɓi batirin daga hannuna. Rabin gilashin ya kawo haske, rabi baƙi ƙirin. Ya ce a canza gilashi. Na ce ba kallo na zo yi ba, ya nemo min muryar.

Sai ga Inna a tsakiyar hayaniyar motoci: "Ke dai ba kya ji. Na ce ki bar kalwar nan ta kwana uku a rufe, kin je kin buɗe."

Malam ya cire hula ya mayar. Ya ce a sake sa masa.