Wa Zai Gaji Irin Dawar Maigidana?

Damina goma sha ɗaya ke nan da muka binne maigidana a Gozaki. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, waɗanda suka ci tuwonsa sun san shi. Ni ban yi boko ba. Ina faɗa, 'yata tana rubutawa, kuma na hana ta tausasa ko kalma ɗaya.

Bai bar mana mota ba. Ya bar irin dawa, kaura ja, wadda ya gada daga ubansa. Duk kaka nake zaɓen manyan zangarniya in rataye saman murhu, hayaƙi ya kore ƙwari. Yanzu gwiwa ta ƙi ni. Iri kuwa in ya daɗe bai ga ƙasa ba, mutuwa yake.

A wurinsa yaro mai shekara shida ya isa bin sungumi. Shi yana sara, yara na biye, su jefa iri da yatsu uku su rufe da diddige. A nan 'ya'yana suka koyi ƙirga, suka koyi jira. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bana na je Funtuwa wurin ɗana na fari. Na tarar da jikata Hafsatu, mai shekara shida, an ba ta waya da wasu katuna daga makaranta. Ta ɗora wayar bisa kati, sai ga masara a cikin gilashin kamar a kan tabarmarmu take: ta tsiro, ta yi goyo, ta nuna, kafin in gyara zama. Na kwance bakin zanena na zuba mata dawar kakanta a hannu. Ta haska ta da waya, ta jira.

"Kaka, taki ta lalace. Ba ta tashi."

Uban ya yi dariya. Wai ilimin zamani ne, Inna. Dariyar ce ta ƙona ni, ba maganar yarinya ba. Shi da tuwon wannan dawar ya yi masa ƙashi.

Da maigidana na nan, na san wayar ba za ta dame shi ba, mutum ne mai son sabon abu. Tambaya ɗaya zai yi: wane malami ne ke koya wa 'yar manomi cewa abinci na fitowa ba rana, ba gumi?

Na ce a kawo mini Hafsatu ranar shuka, kwana biyu kacal. Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu, aka aiko cewa tana da darasi.

Sai na sauke zangarniyar na kai wa maƙwabciyata Saratu bayan ta dawo daga coci. Jikokinta har yau suna bin sungumi. Dawar maigidana ta tsiro, tana nan kore shar a gonar da ba tamu ba.