Sandar Fatsar da Malam Bai Gama Ba

Ni 'yar masunta ce. A bakin tafkin Madarumfa aka yanke mini cibiya, ubana da koma, ragar kifi, ya ciyar da mu, kakana da zago, mashin kifi. Ban taɓa zama kan bencin lakwal, makarantar boko, ba, amma in maganar ruwa ce da kifi, ban ga wanda zai koya mini ba. Na fara da wannan ne don ku san irin kan da na ɗauko na zo Faransa da shi.

Mijina, Malam, Allah ya jiƙansa, ɗan tela ne daga Damagaram, mutanen da ba su san kifi ba sai busasshe. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana aiki a wani luzin, wato masana'anta, a Villeurbanne, gefen Lyon. A nan muka haifi 'ya'ya biyu, a nan muka tsufa a hawa na huɗu. Wani Bature abokin aikinsa ne ya ja shi rafi wata Lahadi, ya dawo da wata cuta da ba ta sake shi ba, wato haɗa sandar fatsa da hannunsa.

Ba gora ba ce irin tamu. Siririyar sanda ce da ake yi da zaren gilashi, launin zuma, tana zuwa gunduwa uku a cikin kwali, ba komai a jikinta. Shi zai lanƙwasa ta a kan tabur yana murzawa har ya gano inda ƙashin bayanta yake, ya sa alama. Ya fere mariƙi da itacen nan mai taushi da ake toshe kwalba da shi. Sannan ya jera mata ƙananan zobba inda igiya za ta bi, ya ɗaure ƙafar kowane zobe da zaren alharini, zagaye bayan zagaye, ba wanda ya hau wani. A nan kam na sara masa, jinin tela ne. Daga ƙarshe ya dama wani ruwan danƙo mai haske, berni yake ce masa, ya shafa a kan zaren, wani ɗan inji ya yi ta juya sandar a hankali har danƙon ya daskare yana sheƙi.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba tana yake sa wa ƙugiya ba. Gashin zakara yake naɗa mata ta zama kamar ƙuda. In kifi ya yarda da wannan ƙarya ya cafka, sai ya cire shi ya mayar ruwa.

"Malam, ina kifin?"

"Mun gaisa, ya ce a gaida ke."

"Da ubana na da rai ya ji surukinsa na sakin kifi, da ya karɓe 'yarsa."

"Da na huta, 'yar masunta."

Ƙaramin ɗakin da yake aikin yana da doka. Ba shara in yana shafa berni, ba turaren wuta, ba taɓa sanda. Yakan ce hannun mai girki ba ya rabuwa da maiƙo. Ni kuwa nakan ce a raina, ɗan tela ne zai koya wa jikar masu zago yadda ake riƙon sanda?

Mutum ɗaya aka yarda ya shiga, ɗanmu na fari, wanda ba na kama sunansa. Tun yana ƙarami yake riƙe wa ubansa zare, har ya iya ɗauri. Ya girma ya shiga makarantar injiniyoyi nan unguwarmu, Malam yana tafiya masallaci kamar ba zai taka ƙasa ba. Shekara biyu yaro ya ce shi girki yake so, zai tafi Paris ya koyi aikin dafa abinci. Ranar Malam ya faɗi maganar da ba a faɗa wa ɗa. Ya ce ƙafar da ta fita kada ta dawo. Yaron kuwa ya gaji kan ubansa da na uwarsa, bai dawo ba. Ya yi aure a Stains, gefen Paris, ya haihu, ni da ƙanwarsa muka je suna, Malam ya ce ƙafa na masa ciwo. Shekara shida ba su ji muryar juna ba.

Sai tari ya kama Malam. Aka yi hoton ƙirji, likita ya zaunar da mu ya faɗi abin da ya gani a huhu, bai ɓoye mana cewa lokaci ya yi gajere ba. Sati bai cika ba wani dogon kwali ya zo ta gidan waya.

"Wannan sandar ta yaron ce," in ji Malam.

"Ga tarho nan, ka kira shi mana."

"Babba ba ya ba ɗansa haƙuri da baki. In na gama ni zan kai masa da ƙafata. Ya san aikin, in ya duba ɗaurin zai gane. Kuma kada ki gaya masa ina ciwo, ba na son ya zo don tausayi."

Na san haka ake yi a wurinmu. Ubana ma da ya yi wa wana laifi, sabuwar koma ya saƙa ya rataye masa a ƙofar ɗaki, ba wanda ya ce uffan. Don haka ban kira yaron ba, na bar shi da sandarsa.

Wata biyu ya yi yana ɗauri, yana tari, yana hutawa. Zare ja da bakin baƙi. Ya gama zobba duka, saura berni kawai, sai numfashi ya sarƙe masa aka kwantar da shi a likita sati uku. Tsakiyar sanyi ne, abin ɗumama ɗaki yana aiki dare da rana, iskar gidan ta bushe har dugadugaina suka tsage. Wata safiya na leƙa ƙaramin ɗakin na ga gunduwa ukun a jere, zaren ya yi furu-furu. A gidanmu ba a barin kayan kamun kifi haka. Ƙotar zago, gora, duk wani ɗauri, in za a ajiye sai an sha musu mai, in ba haka ba su tsage. Na ɗauko man kaɗen da ƙanwata ta aiko mini daga Maradi, na narkar a tafin hannu, na bi kowane ɗauri na murza har ya shige ciki, na goge da tsumma ba alama. Na fito ina jin daɗin kaina. Na ce ga abin da ɗan tela bai sani ba.

Aka sallamo shi da tulun iska da robar hanci, ya rame, magani ya kashe masa jin ƙamshi da ɗanɗano. Washegari bayan azahar ya dama berni ya shafa wa gunduwar farko. Ina tsaye a bakin ƙofa. Danƙon ya ƙi zama. Ya rinƙa gudu daga kan zaren yana tattaruwa ɗigo-ɗigo kamar ruwa a ganyen gwaza. Ya ƙara, ya sake gudu.

Ya juyo ya dube ni.

"Hajiya, wani abu ya taɓa sandar nan?"

"Mi zai taɓa ta? Ba ka hana shiga ba?"

Haka ta fito daga bakina. Shekara arba'in ina gaya wa mutumin nan cewa ni ce na san ruwa, sai na kasa buɗe baki na ce na ɓata. Na kuma ce a raina man zai bushe, gaba zai kama. Shi kuwa bai taɓa kama ni da ƙarya ba, sai ya gyaɗa kai ya ce to bernin ne ya tsufa. Ya sa 'yarmu ta yi odar sabo. Kwana goma muka jira, kwana goman da ba shi da su.

Sabon ya zo, ya shafa wa gunduwa ta biyu, abin ya sake gudu. Ya kashe injin. Ya daɗe yana duban tafin hannunsa, robar hancin tana shu, shu.

"Sanda ashirin da wani abu na haɗa, ba wadda ta taɓa ƙi na," ya ce. "Wannan kaɗai. Ina jin yaron bai yafe mini ba, shi ya sa Allah bai nufa ba."

Ina riƙe da kwanon kunu. Na ce, "Sha kununka kada ya huce."

Bai sake shiga ɗakin ba. Sati biyu aka mayar da shi likita, ranar wata Alhamis da hantsi ya cika. Sai a lokacin na kira yaron. Ya zo a jirgin ƙasa, ya sami ubansa a likkafani. Ya yi kwana uku yana karɓar gaisuwa, ko ƙofar ƙaramin ɗakin bai kalla ba, ni ma ban ce masa komai ba.

Wata huɗu da kwana goma na yi takaba, ni da sandar a gida ɗaya. Da na fita, na naɗe ta a zane na sa a kwalinta, 'yata ta sa ni jirgin Paris.

A Stains matarsa ta tarbe ni, ta durƙusa, ta kawo ruwa. Da muka gama gaisuwa na tura masa kwalin. Ya warware zanen a kan tabur. Kusa da mariƙin akwai wani ɗan rubutu da farin tawada, na daɗe ina ganinsa ban san mi ya ce ba. Ya tsura masa ido.

"Mi aka rubuta?"

"Sunana, Inna."

Na gaya masa duk abin da ubansa ya ce, da niyyar kawowa da ƙafarsa. Yana ji yana bin ɗaurin da babban yatsa, zobe bayan zobe. Ya ga inda bernin ya yi ƙuraje. Ya ɗauki gunduwa ta uku wadda ba a shafa wa berni ba, ya kai hanci. Mai girki ne, hancinsa ba ya kuskure.

"Inna, wannan man kaɗe ne."

"Shi ne."

"Wa ya sa?"

"Ni."

"Baba ya sani?"

"Ya tambaye ni. Na ce masa babu."

"To mi ya ɗauka?"

Na faɗa masa. Ban rage ko kalma ba. Matarsa ta tashi ta shige kicin ta ja ƙofa.

Bai ɗaga mini murya ba, da ma ya ɗaga. Ya tashi ya ɗauko reza da kwalbar alkol na wanke ciwo da auduga. Ya yanke zaren zobe ɗaya, ya bare shi, ya goge wurin sau biyu, ya ɗaga a hasken taga.

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan. A yanke, a goge, a sake ɗauri. Aikin kwana uku ne." Ya ajiye rezar. "Da ya san mai ne, ko hannunsa ya gaza, sai ya ce a kira ni na ɗaure masa. Da na zo, Inna. Tun shekarar farko nake jira a kira ni."

Na zauna sati guda a gidan. Kullum in ya dawo daga aiki sai ya ɗaure zobe biyu ko uku, ja da bakin baƙi, yadda uban ya yi, ina zaune a gefe ba ya ce mini na tashi, ba ya ce mini komai. Ba shi da injin juyawa, ranar hutunsa ya shafa bernin ya yi ta juya sandar da hannu tun safe har la'asar. Danƙon ya zauna sumul. Ɗauri ɗaya kawai ya bari da ƙurajensa, na kusa da sunan, bai taɓa shi ba.

Ya raka ni tashar jirgi, ya ɗaukar mini jaka, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Yana kira na kowace Juma'a, muna gaisawa yadda ya kamata, daga nan ba ma wucewa. Sandar tana rataye a ɗakinsa, matarsa ta ce bai taɓa kai ta rafi ba.

Malam yana kwance a maƙabarta a gefen Lyon. Ya tafi yana ganin ɗansa bai yafe masa ba. Ni na san ba haka ba ne, ina tsaye a ƙofa da kwanon kunu a hannuna, na bar shi ya tafi da wannan zato.