Dattijon da Ke Shayar da Siminti

Ta tagar kicin ake hango shi, cikin ramin ninkayar da ake ginawa a bayan gidan maƙwabta. Dattijo ne siriri, ƙafafunsa furu-furu da siminti. Kullum da safe yana yayyafa wa bangon ruwa, bakinsa na motsi da salati, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna kamar mai jinya.

"Baba magini, wata biyu fa ke nan," in ji maigidan. "Yara sun ƙosa, gobe a cika shi."

Ya ƙwanƙwasa bangon, ya kasa kunne. "Siminti bai san sun ƙosa ba, ranka ya daɗe. Saura kwana goma. In ba ka iya jira, nemi wani."

Sai wanda bango ya taɓa tsage wa ke magana haka. Maigidan ya yi tsaki, amma bai nemi wani ba.