Malam Manasse da Wasan Ƙarshe na Rhoda

Manasse Pindar mutumin Biu ne. Ya zo Maiduguri da ƙuruciyarsa, ya sami aikin akawu a wani ofishin gwamnati, ya auri Dorothy, suka kama haya a unguwar Hausari. Dogo ne siriri, mai tsabta, ba ya fashin coci ranar Lahadi, ba a taɓa jin ya yi faɗa da maƙwabci ba. Abu ɗaya ne ke fitar da shi daga hayyacinsa, shi ne ƙwallon kwando. Tun a makarantar mishan ya koye ta, a filin ƙasa, kuma har ya yi furfura bai daina ba da labarin yadda yake jefa ta ba.

'Yarsa ta fari, Rhoda, ta gaji tsawonsa da hannunsa. Da ta shiga wata ƙaramar kwalejin horar da malamai mata a bayan gari, a tsakiyar shekarun 1980, ba a jima ba ta zama ita ce ƙashin bayan 'yan wasan makarantar. Kwalejin ba ta da girma, filinta na siminti duk ya tsage, amma a shekarar nan babu wanda ya doke su.

Bayan la'asar, masu son wasan sukan taru a ƙofar shagon Nnadozie, wani ɗan kasuwa Inyamuri mai sayar da takalman kambas da ƙwallaye. Akwai benci a gindin darbejiya, a nan ake baje hira. Wanda ba ya fashi, ban da Manasse, shi ne Ba'ana, Babarbare mai gyaran rediyo daga Gwange, wanda ƙanwarsa Kellu ke wasa tare da Rhoda.

Gardamarsu guda ce kullum. Nnadozie yakan ce, "Oga Manasse, yaran nan kamar shagon da ya baza kayansa duka a gaba ne. Ka leƙa sito, babu komai. Ranar da ɗaya ta faɗi, wa zai shiga?"

Manasse yakan yi dariya ya ce, "Mutum nawa ake sakawa a fili? Biyar. To, muna da biyar ɗin da babu irinsu daga nan har Bauchi. 'Yan benci ai don tafi aka ajiye su."

Ba a baki kawai ya tsaya ba. Mai koyar da su, Madam Edith, takan so ta huta da manyan ta saka ƙananan su saba. Amma da ta ɗaga hannu za ta yi canji, sai muryar Manasse ta tashi daga cikin 'yan kallo: "Madam, bar su! Kada ki ɓata mana wasa!" Jama'a su ɗauka. Yarinya ta shiga, ta yar da ƙwallo, a yi mata ihu. Tun Madam Edith na daurewa har ta gaji ta bari. Wasu daga cikin ƙananan suka daina zuwa atisaye, babu kuma wanda ya neme su.

Wasannin sili-ɗaya-ƙwale na kwalejojin jiha suka faɗo a tsakiyar bazara. Zafin shekarar ya yi tsanani, ko iskar da ke kaɗawa kamar daga bakin murhu take fitowa. A lokacin ne aka fara jin sanƙarau. Da farko daga ƙauyuka labarin ke zuwa, sai ya shigo unguwanni. Wata yamma suna tsakiyar musu a kan wace ce ya kamata ta tsare doguwar 'yar wasan kwalejin Bama, sai aka wuce da makara. Suka miƙe har ta wuce. Ba su gama zama ba wata ta biyo, ƙarama, a hannun mutum ɗaya. Ba'ana ya bi ta da kallo.

"Ya Manasse," in ji shi, "a layinmu jiya ma an fitar da yaro. Da safe yana wasa."

"Allah ya kiyaye," in ji Manasse. Can ya ce, "Amma in Kellu ta tsaya a gabanta, doguwar nan ba za ta yi komai ba."

Iyaye suka fara zuwa kwaleji suna ɗauke 'ya'yansu. Kullum in an zo majalisa sai an ji wata ta tafi. Ranar wasan kusa da na ƙarshe, mutum ɗaya ce tak ta rage a benci, wata Phoebe, wadda rabonta da shiga fili tun farkon shekara. Suka ci Bama da ƙyar. Ana busa usur, Ba'ana ya shiga fili ya kama hannun Kellu.

Manasse ya sha gabansa. "Ina za ka kai ta? Asabar fa wasan ƙarshe!"

"Gida. An ce a ɗakin kwanansu an ɗauki yarinya zuwa asibiti."

"Kwana nawa ya rage? Ka bar ta ta buga, ni zan kawo maka ita."

Ba'ana ya ce, "Kofi ƙarfe ne, Ya Manasse. Ni ba ni da wata ƙanwa." Ya wuce da ita tana kuka.

Suka rage su biyar cif, har da Phoebe. Doka kuwa ta ce in ba a cika biyar ba a farkon wasa, an ba abokan karawa nasara ke nan.

Ranar Juma'a da rana Rhoda ta zo gida ta ce kanta na sarawa. Ba ta ci tuwo ba. Ta kwanta a ɗaki, ta ce a rufe taga, haske na damunta. Dorothy ta taɓa goshinta, ta fito tsakar gida ta tarar da mijinta ya dawo daga ofis.

"Baban Rhoda, mu kai yarinyar nan asibiti yanzu."

Manasse ya shiga ya zauna a bakin gado. Kowa a garin ya san gwajin da ake yi don gane sanƙarau. Ya ce, "Rhoda, sunkuya ki taɓa ƙirjinki da haɓa." Ta sunkuya. Haɓar ba ta kai ba. Ta cije leɓe, ta ƙara matsawa kaɗan, hawaye suka fito a gefen idonta, ta ɗago tana murmushi.

"Ka gani, Baba? Rana ce kawai. In aka kai ni za su riƙe ni, kuma in ban je ba su huɗu ne."

Manasse ya gani sarai. Ya fito ya ce wa matarsa gajiya ce da zafi, ya aika aka sayo maganin ciwon kai. Ya ce gobe ana tashi daga wasa shi da kansa zai kai ta. Dorothy ta jiƙa zane ta koma ɗaki.

Ranar Asabar filin ya cika, duk da an yi ta gargaɗi a rediyo a guji cunkoso. 'Yan kwalejin Potiskum suka zo da bencinsu cike, suna waƙa. A ɗaya gefen kuwa Madam Edith ce kaɗai zaune, da bokitin ruwa a gabanta. Nnadozie ya dubi bencin, ya dubi Manasse, wannan karon bai yi tsokana ba.

Rhoda ta yi wasa, kuma ta ci ƙwallaye. Sai dai wanda ya san ta zai lura cewa in za ta dubi gefe, duk jikinta take juyawa. Takan kare ido da hannu ko rana na bayanta. Potiskum na ta canji, masu hutu na shiga da sabon ƙarfi, su kuwa biyar ɗin nan suna jan ƙafa. Da aka tafi hutun rabin lokaci, Rhoda ta zagaya bayan benci ta yi amai.

Madam Edith ta ratsa jama'a ta zo wurin Manasse. "Malam, jikin 'yarka wuta ne. Tunda an riga an fara, ana iya ƙarasawa da huɗu. Zan cire ta."

"Da huɗu? Kin ga Phoebe kuwa? Ko riƙe ƙwallo ba ta iya ba."

"Wa ya bari ta koya?" in ji Madam Edith.

Manasse ya kau da kai. Ya ce, "Saura kaɗan. Ni ne ubanta, na ce ta ƙarasa."

Ta ƙarasa. Suka ci da tazarar da ba ta taka kara ta karya ba. Jama'a suka kwararo cikin fili, aka ɗaga Phoebe sama don ita ta jefa ta ƙarshe. Rhoda na tsaye a ƙarƙashin kwando ba ta motsa ba. Manasse ya iso yana kiran sunanta, sai ta zauna a kan simintin a hankali, ta kwanta, kanta ya lanƙwashe baya.

A motar Nnadozie aka kai ta asibiti. Marasa lafiya har a baranda, wasu a kan tabarmi a gindin itatuwa. Likitan da ya duba ta ya tambaya tun yaushe ta fara. Manasse ya sunkuyar da kai. Dorothy ce ta ce, "Tun jiya da rana." Likitan ya dube su, ya kira nas.

Rhoda ta rayu. Bayan ta farfaɗo, uwarta na yi mata sannu, sai ta ce, "Mama, ɗaga murya mana." Dorothy ta ɗaga. Rhoda ta ci gaba da kallon bakinta. Ciwon ya tafi da jinta gaba ɗaya, kunne biyu.

A makon nan aka rufe makarantu, gasar shiyya da za a je Bauchi ba a je ba. Rhoda ba ta koma kwaleji ba, don ba a koyarwa a aji da kunnen da ba ya ji. Ta koyi ɗinki a wurin wata mata 'yar cocinsu. Daga baya ta auri wani kafinta, Thomas, suka koma Biu.

Manasse ya ci gaba da zuwa ofis, ya ci gaba da zuwa coci, amma ya canza hanya don kada ya bi ta ƙofar shagon Nnadozie. Mutumin da ake jin muryarsa daga ƙarshen layi ya koma sai an matso kafin a ji abin da ya ce. Dorothy ba ta taɓa yi masa gori ba, shi kuwa ya ce wa fastonsu da ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Da ya yi ritaya a farkon shekarun 1990, ya tattara ya koma Biu, ya kama gida kusa da na Rhoda. Shi ke raka ta kasuwa sayen yadi, ya tsaya a gabanta yana maimaita mata abin da mai kaya ya ce, a hankali, don bakinsa ta fi iya karantawa. Wata rana suna dawowa ya tsayar da ita a hanya, ya sa ta dube shi, ya ce ta yafe masa. Rhoda ta amsa da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa, har masu wucewa suka waiwayo.

"Ni ma na so in buga, Baba. Amma ni yarinya ce. Kai ne babba."

Ta gyara ɗaurin yadin a kanta suka ci gaba da tafiya. Ba su sake tayar da maganar ba.

Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi a daminar 1997, ta ɗauke masa magana. Rhoda ce ta yi jinyarsa tare da uwarta, ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu da cokali. Ya rasu kafin a girbe dawa, aka binne shi a maƙabartar cocinsu da ke bayan gari.